Abin da Gwaggo ta faɗa wa Barista

Gwaggona, ƙanwar babana, ba ta taɓa aikin ofis ba, amma da ita ma'aikatan unguwarmu suke tsara safiyarsu. Gidan renon yara gare ta a ƙasan wani tsohon bene, inda a da ake ajiye kayan gini. Ɗakuna biyu ne da ɗan fili a baya, sai lilo guda da mijinta ya haɗa mata da tsohuwar tayar mota. A jikin bango akwai ƙusoshin rataye jaka, kowace ƙusa da hoton dabba a samanta, domin masu jakunkunan ba su kai karatu ba. Idan yaro ya girma ya tafi makaranta, wanda ya zo bayansa shi zai gaji ƙusar da dabbar. Har yau akwai wani ƙaton ɗan sanda a garinmu da Gwaggo ba ta kiransa da komai sai Zomo.

Uwar Yara ake ce mata. Ma'aikatan jinya, malaman makaranta, mata masu shago a kasuwa, duk a hannunta suke sauke 'ya'yansu da sassafe su ruga. Ta san wanda ba ya barci sai an shafa masa baya, ta san wadda ke ɓoye biskit a cikin safa. Ta kuma san abin da ke faruwa a kowane gida, domin yaron da ya iya magana duk abin da ya gani jiya sai ya zazzage mata shi kafin a cire masa takalmi. Takan yi dariya ta ce da ita mai surutu ce, da rabin auren unguwar ya mutu. Ban taɓa jin ta fitar da ko ɗaya ba.

Mijinta direban motar asibiti ne, mutum mai shiru. Yana da amini guda tun suna firamare, wanda Allah ya ɗaukaka ya zama lauya. Mu duka Baba Barista muke ce masa. Babu abin da ya haɗa su ta fuskar abin hannu, amma duk ƙarshen mako sai ka ga doguwar motarsa a ƙofar gidan Gwaggo, ya cire kwat ya zauna a tabarma, shi da abokinsa suna gardamar ƙwallo. Yana tsokanar Gwaggo cewa shayinta ya fi na matarsa, ita kuma ta ce zai maimaita a gaban alƙali. Ranar da mijin ya rasu, shi ya tsaya a kan komai. A gaban mutane ya ce duk abin da ya taso wa matar abokinsa, kada a nemi kowa, a neme shi.

Bayan wasu shekaru mai benen ma ya rasu, magada suka sayar wa wani kamfani da ke son rushe shi ya gina shaguna. Aka aiko wa Gwaggo cewa ta tashi. Ita kuwa yarjejeniyar hayarta da sauran shekaru a gaba, kuma ba ta ga inda za ta kwashi yaran mutane ta kai ba. Ta sa mayafinta ta nufi ofishin Baba Barista.

Ta ba ni labarin wannan rana daga baya, fiye da sau ɗaya. Ya taso da kansa ya tarbe ta, ya sa aka kawo shayi, ya ce wa sakatariyarsa kada a shigo. Ya karanta yarjejeniyar, ya ce tana da gaskiya. Sannan ya ajiye tabarau ya ce mata kamfanoni irin wannan ba sa faɗa da takarda kaɗai, tone-tone suke yi, don haka in akwai wani abu a rayuwarta da za a iya jifanta da shi, gara ya ji daga bakinta ya shirya masa.

"Abin da kika faɗa a ɗakin nan, a nan zai mutu," in ji shi. "Ba alfarma ba ce, doka ce ta ɗaure ni. Ko alƙali bai isa ya sa in faɗa ba."

Akwai abu guda. Bayan haihuwar autanta, fiye da shekara ashirin kafin wannan rana, Gwaggo ta yi ciwo. Barci ya ƙaurace mata, ta riƙa jin ana kiranta alhali babu kowa, ta riƙa tsoron ɗaukar jaririn. Mijinta ya kai ta asibitin masu taɓin hankali a wani gari mai nisa, aka ce wa mutane ta tafi hutawa wurin dangi. Ta yi 'yan watanni, ta sha magani, ta warke sarai, abin bai sake dawowa ba. A saninta, daga mijinta sai babana ne suka sani. 'Ya'yanta ma ba su sani ba, balle ni. Ta ce da ta gama faɗa sai ta ji kamar an sauke mata kaya, har ta yi ɗan kuka, shi kuma ya miƙo mata hankici ya ce wannan ai ba abin kunya ba ne.

Ba a daɗe ba ya kira ta ya ce ayyuka sun yi masa yawa, ya haɗa ta da wata matashiyar lauya da ke da ƙaramin ofis kusa da kotu. Gwaggo ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ma yi masa godiya.

Ranar da aka fara zaman shari'ar a kotu, ni na raka ta. Iyayen yara da dama sun ɗauki izini daga wurin aiki sun zo mara mata baya, suka cika benci biyu. Muna tsaye a baranda sai ga Baba Barista cikin baƙar riga. Gwaggo ta washe baki, a zatonta ya samu sarari ya zo dominta. Ya gaishe ta a gurguje, bai haɗa ido da ita ba, ya shige. Da muka shiga sai muka gan shi zaune a ɓangaren kamfani, da wani lauya daga ofishinsa a gefensa.

Ta matse min hannu ta ce wataƙila sulhu ya zo yi.

Ba shi ya yi mata tambayoyi ba, lauyan nan na ofishinsa ne ya miƙe. Ya fara da maganar haya, da yawan yaran, da faɗin ɗakunan. Can sai ya juya takarda ya tambaye ta, da murya mai laushi kamar mai gaisuwa, ko ta taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali. Ya ambaci garin. Ya tambaya ko hukumar da ta ba ta lasisin riƙe yaran mutane ta san da wannan.

Lauyar Gwaggo ta zabura ta ce tambayar ba ta da alaƙa da shari'ar haya. Alƙali ya yarda da ita, ya tsawata, ya ce a share tambayar daga rubutun kotu. To, an share ta a takarda. Amma ina jin yadda bencin da ke bayana ya yi tsit. Gwaggo na tsaye a akwatin shaida, ba ta kalli wanda ya yi tambayar ba, Baba Barista take kallo. Shi kuwa yana ta gyara wasu takardu da ba su buƙatar gyara.

Bayan wannan rana, babu wanda ya zo ya yi mata rashin mutunci. Da haka aka yi, ina jin da ya fi mata sauƙi. Wata uwa ta ce surukarta ta zo za ta riƙa kula da yaron. Wata ta ce an canza mata wurin aiki. Wani uba ya turo direba ya kwashe kayan 'yarsa bai ko shigo ba. Hukumar lasisi ta turo masu bincike, suka duba ko'ina, suka karɓi takardar likita, suka ce ba su ga laifi ba, amma kafin sakamakon ya fito ƙusoshin bango duk sun zama wayam. Gidan reno ba yara ai ba gidan reno ba ne. Da kanta ta miƙa makulli. Kamfanin bai ma jira hukunci ba, aka janye shari'ar, aka kawo motar rusau.

Lauyarta ce ta gaya mata cewa abin da aka yi mata yana da suna, kuma akwai inda ake kai shi. Ta ce lauya ba ya sauraron mutum a kan wata magana sannan ya koma ya tsaya wa abokin shari'arsa a kan maganar, kuma ba ya fitar da abin da aka faɗa masa a asirce. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, yana iya yi wa mutum gargaɗi, ko ya dakatar da shi, ko ya soke sunansa gaba ɗaya ya daina aikin. Gwaggo ta ce to ta shigar mata. Sai yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ita ba za ta iya ba. Barista babba ne a ƙungiyarsu, ita kuma yanzu ta fara, a garin nan za ta ci abinci. Ta dai kwatanta mana ofishin kwamitin, ta roƙe mu kada mu ce ita ta turo mu.

Ni na rubuta koken, Gwaggo na faɗa ina rubutawa. A nan ne na fara jin labarin ciwon daga bakinta, tana yi tana kallon ƙasa kamar ni ce babba. Abin da ba mu sani ba shi ne, kafin ka nuna an tona maka asiri, sai ka sake tona shi da kanka. Ta faɗa a rubuce, ta je ta yi rantsuwa a kai, aka buga hatimi, aka aika wa Barista kwafi domin ya ba da amsa. Aka ce wasu lauyoyi za su fara dubawa su ga ko maganar ta isa a zauna a kanta. Muka yi ta zarya. Yau a ce mai riƙe da fayil ɗin ya yi tafiya, gobe a ce ana jiran amsar wanda ake ƙara. Mai gadin wurin har ya saba da mu, yana ganinmu sai ya jawo mana benci.

Ana cikin haka dangi suka taso. Babana ya ce ta bar wa Allah, tonon ya isa haka. Babban ɗanta ya ce a wurin aikinsa an fara yi masa wani irin kallo. Wata rana da yamma sai ga Barista da kansa, ya zo da tsofaffin abokan mijinta su biyu. Ya cire takalmi, ya zauna inda ya saba zama. Abokan suka yi ta jan magana a kan zumunci da haƙuri da darajar mamaci. Da aka zo kansa sai ya ce kamfanin tsohon abokin hulɗar ofishinsa ne, ba yadda zai yi ya ƙi su, tambayar kuma ba shi ya yi ta ba, yaron ofishinsa ne ya yi azarɓaɓi.

"Uwar Yara, aiki ne, ba gaba ba," in ji shi. "Ki janye, ni zan nema miki wani wurin da ya fi wancan."

Gwaggo ta juyo ta fuskance shi. Sannan ta ce, "Barista, ni ba wuri na rasa ba. Ka dubi idona ka ce ba daga bakinka ya fita ba, yanzu in sa a janye."

Ya ce maganar tana gaban kwamiti, bai dace ya tattauna ta ba. Ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ce kaɗai na ga baƙo ya fita daga gidan Gwaggo ba a ba shi ko ruwa ba.

Sai da shekara ta zagayo har ta wuce kafin a sa ranar zama. A saman bene ne, wani zaure mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Masu sauraron ƙarar lauyoyi ne, sai wani tsohon alƙali da ya yi ritaya yana shugabanta. Kwamitin ya ba Gwaggo lauyan da zai gabatar da koken, mutumin kirki, amma a ranar ya fara ganinta. Abin da ya fara karya mata gwiwa a baranda ya faru. Duk lauyan da ya wuce sai ya tsaya ya gaida Barista da hannu biyu, ana raha, ana tambayar iyali. Ta raɗa min cewa ashe ƙarar mutum muka kawo gidansu.

Amma da aka zauna, ba a yi mata wasa ba. Lauyan Barista ya ce ai ita ba ta taɓa zama wadda Barista yake wa aiki ba, ba ta biya ko sisi ba, ba a sa hannu a komai ba, hira ce ta iyali aka yi a ofis. Tsohon alƙalin ya katse shi ya ce daga lokacin da mutum ya zauna gaban lauya yana neman shawara, amana ta hau kan lauyan, an biya ko ba a biya ba. Na ji Gwaggo ta sauke numfashi. Sai lauyan ya canza hanya. Ya shiga tambayarta ko tana da tabbacin abin da take tunawa, ko har yanzu tana shan magani, ko likita ya taɓa ce mata ciwon kan sa mutum ya ji abin da ba a faɗa ba. Ta amsa duka a tsaye. Ta faɗi kalar hankicin da ya miƙo mata.

A zama na gaba Barista ya yi rantsuwa ya ba da shaida. Ya amsa cewa ta zo ofishinsa, ya amsa cewa bai kamata ya karɓi aikin kamfanin ba, ya ce kuskure ne kuma yana nadama. Game da ciwon kuwa, ya ce shi ba a ofis ya fara ji ba. Ya ce mijinta ne ya gaya masa tun a lokacin, yana kuka, a matsayin amini, kuma ba shi kaɗai ya gaya wa ba. Maganar da ta daɗe a bakin mutane, in ji shi, ba za a kira ta sirrin ofis ba, yaron ofishinsa ma a gari ya tsinto ta.

Ina zaune kusa da Gwaggo. Duk abin da aka yi mata a baya, ban ga ya taɓa ta kamar wannan ba. Ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba, ta ce, "Ƙarya kake yi masa. Mijina ya rantse min ba zai gaya wa kowa ba." Shugaban ya ce ta zauna, za a ba ta dama. Da aka ba ta damar, ba ta da abin da za ta ƙara. Wanda zai ƙaryata maganar yana kabari.

Hukuncin ya fito bayan wasu watanni. A kan tsaya wa kamfani bayan ya saurari Gwaggo, an same shi da laifin saɓa ƙa'idar aiki, an dakatar da shi na wani lokaci, an kuma ce a sanar da kotuna. A kan fitar da sirri, kwamitin ya ce zargin yana da ƙarfi, amma hujjar ba ta kai ba, tunda ba a iya tabbatar da ta inda maganar ta fita ba. Gwaggo ta tambayi lauyan da aka ba ta ko za a ce wani abu game da gidan renonta. Ya ce wannan kwamiti lauya yake hukuntawa, ba ya mayar wa mutum abin da ya rasa, in tana so sai ta shigar da wata ƙarar daban a kotu. Ta ce a'a, ta gode, ta gaji da ba da labarin.

Barista ya ɗaukaka ƙara, ya ci gaba da aikinsa a kotu kafin a saurare shi. Daga baya aka tabbatar da hukuncin, ya ajiye baƙar rigarsa na 'yan watanni, yaran ofishinsa suna aiki, ya dawo. Har yanzu ina ganin motarsa. Wasu lauyoyin sun ce abin ya rage masa daraja a cikinsu, an daina sa shi a gaba a taro. Wataƙila haka ne. Mu daga waje ba mu ga alama ba.

Gwaggo ta koma gidan autanta, tana riƙe jikoki. Ta rame, amma tana nan da tsokanarta, tana cewa yanzu ta zama ma'aikaciyar da ba a biya kuma ba a kora. Maganar kwamiti ba ta cika tayar da ita ba. Abin da ya tsaya mata shi ne mijinta. Wata rana ta ce min Barista maƙaryaci ne, wanda ya iya cin amanar mai rai ba zai ji nauyin mamaci ba. Wata rana kuma sai ta ce, to shi mijin nata, mutum da jariri a hannu da mata a asibiti, wa zai gaya wa in ba amininsa ba. Sai ta tuna duk shekarun da Barista ya yi yana shan shayinta yana tsokanarta, ta ce ashe yana kallonta ne da abin a cikinsa.

Kwanakin baya babana ya kwanta rashin lafiya, muka je duba shi tare. Bayan an gaisa, mutane sun ragu, ta matsa kusa da gadonsa.

"Yaya, zan tambaye ka, kada ka rufe ni. Ranar da aka kai ni asibitin nan, ni ban san inda kaina yake ba. A wace mota aka kai ni?"

Babana ya juyo ya dube ta. Ya ce ba a motar asibiti ba ne, mijinta ya ƙi, don kada abokan aikinsa su sani. Motar Barista ya aro, mijin ne ya tuƙa da kansa, babana na baya yana riƙe da ita.

Ta tambaya me mijin ya ce wa Barista da zai karɓi motar.

Babana ya ce bai sani ba. Shi dai a bakin titi ya jira, ya ga an kawo mota, tanki cike da mai, bai tambaya ba.

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta gyara masa matashi, ta tambayi matarsa ko ya sha maganin rana, aka ce bai sha ba. Ta ce a kawo ruwa, ita za ta ba shi.